Ku Tambaya Mu Amsa: Hafilawa da sa'ar da take bin su

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato wasan labarin nan da ake kira Dungeons & Dragons wanda yaranmu suka fara tsinta a waya, musamman gajerun mutanen nan na cikinsa da littafin yake kira halfling. Mu a zauren gidanmu nan wajen Jahun yara ne suka raɗa musu suna Hafilawa, namiji Bahafile mace Bahafila, sunan kuma ya zauna daram a baki dan haka da shi zan yi ta amfani. Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, zama ake yi kamar na tatsuniya, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ƙirƙiri mutuminsa ya dinga faɗin abinda zai yi, in abin mai haɗari ne sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko an dace ko ba a dace ba. Shikenan, mu je ga tambayoyin.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, abokina ya turo min littafin wasan a waya nake karantawa in na kai caji. Na ga kowace ƙabila an ba ta wani abu, wasu ƙarfi wasu gani a duhu, amma su gajerun nan an ce in suka jefa 1 sai su sake jefawa. Su waye su wai, kuma me yasa su kaɗai aka ba wannan?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, karatu a waya da cajin kuɗi ba ƙaramin abu bane, Allah ya buɗa kai. Bari in fara maka daga tushe dan in ba ka san daga inda suka fito ba ba za ka gane dalilin sa'ar ba.

Wasan ya fito a 1974 a Amurka, mutum biyu ne suka haɗa shi, Gary Gygax da Dave Arneson, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. A bugun farko ma ba halfling ake ce musu ba, hobbit ake cewa, sunan da marubucin nan na Ingila Tolkien ya ƙirƙira a littafinsa na 1937. Da masu riƙe da haƙƙin aikin Tolkien suka taso musu da maganar shari'a a 1977 sai dole suka canja sunan, suka ɗauko halfling, ma'anarsa kamar kace rabin mutum, saboda tsayinsu rabin na ɗan Adam ne. Amma suna kawai aka canja, halin yana nan, har rabe-rabensu uku na tsohon bugu kana dubawa za ka ga daga can aka kwaso su.

A bugu na biyar da ya fito 2014, wanda shi ne nake zaton abokinka ya turo maka, Bahafile tsayinsa wajen ƙafa 3 ne wato bai cika mita ɗaya ba, nauyinsa wajen kilo 18 zuwa 20, ko rabin buhun siminti bai kai ba. Yana zama cikakken mutum a shekara 20 kuma yakan kai wajen 150 a duniya. An ba shi saurin hannu da ƙafa, yana iya kutsawa ta ƙarƙashin ƙafar ƙato ya wuce, ba a saurin firgita shi, sai kuma ita wannan sa'ar da ka tambaya. Gajere ba yaro ba ne, a kansu maganar ta faɗa sosai.

To amma ni abinda ya kama min zuciya da su ba lissafin bane, rayuwarsu ce. Sauran ƙabilun wasan kowa da abin taƙamarsa, wasu fadoji a cikin dutse, wasu dauloli, wasu yaƙi da tarihi na dubban shekaru. Su Hafilawa ba su da daula, ba sa neman sarauta, ba su damu a san da su ba. Ƙauyuka suke zama, noma da ɗan kiwo da lambu a bayan gida, abinci mai kyau, hira bayan an ci, dattawa su ne masu faɗa a ji kuma da labari suke tarbiyya ba da bulala ba, baƙo in ya zo kafin a tambaye shi daga ina sai an ajiye masa kwano. Ranar da na fara karanta wannan wallahi sai da na ajiye wayar na kalli tsakar gidanmu, ga rumbu biyu ga turken awaki ga Inna tana dama fura a ƙwarya tana cewa a kai wa mai tallan gishirin da ruwa ya tsare a zaure, mutumin da ko sunansa ba mu sani ba. Nace ashe Bature ya zauna ya ƙirƙiri ƙabila guda dan ya kwatanta abinda mu muke ciki kullum. Kai da kake Ringim ka fi yaron da ya tashi a birnin Amurka sanin yadda Bahafile yake tunani, ka san darajar rumbu a watan Agusta, ka san gayya, ka san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ita kuma sa'ar, a cikin ƙagaggen labarin wasan, Hafilawa sun yarda kyauta ce daga wata uwargijiyarsu mai suna Yondalla. Sunanta ya fara fitowa a littafin wasan na 1980, sannan a 1982 Roger Moore (ba ɗan fim ɗin ba, wani marubuci ne) ya ƙara mata sauran iyalinta a mujallar Dragon. Littafin 2018 da ya yi babi a kansu ya kawo labarin cewa tun farkon duniya Hafilawa matsorata ne masu yawo suna tsince-tsince ba wanda ya kula da su, sai ta gan su ta ɗauke su riƙo kamar yadda mace take ɗaukar maraya, ta koya musu gini da shuka da girbi, da ta ga arzikin ƙauyensu zai ja hankalin 'yan fashi sai ta ɓoye ƙauyukan yadda maƙiyi zai yi ta bulayi a daji bai gan su ba. Tambarinta garkuwa ce, a jikinta an zana ƙaho cike da amfanin gona. Ka lura da haɗin, kariya da abinci. Ba ta ba su takobi su ci gari da yaƙi ba, abinda ta ba su shi ne in masifa ta zo gaf da su ta kauce. Shi yasa dokar ba ta ce a ƙara maka maki ba, cewa ta yi in ka faɗa mafi munin rami, wato ka jefa 1, a miƙo maka hannu sau ɗaya.

TAMBAYA: Salam Yaya. Ni mace ce daga wajen Dambatta, muna yin wasan ni da yayyena biyu da ƙanwata. Bahafila na ɗauka, yanzu babban yayana ya ce wai maguɗi ne, tunda ni kaɗai nake sake jifa, har ya ce ko in canja ko ya daina ja mana labarin. Dan Allah ka raba mu.

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankali ki kai wa yayan naki wannan shafin, ki ce ina gaishe shi, lissafi ne zai raba ku ba ni ba.

Ɗan lidon fuska 20 gare shi, kenan kowa yana da kashi 5 cikin 100 na ya jefa 1. Ke in kika jefa 1 kina sakewa, amma dokar ta ce dole ki karɓi abinda ya fito a na biyun ko da 1 ɗin ce ta sake dawowa, ba a yin na uku. To damar 1 ta fito sau biyu a jere ɗaya ce cikin 400. A taƙaice in ku biyu kuka yi jifa 400 kowannenku, shi zai sha 1 wajen sau 20 ke kuma wajen sau ɗaya. In aka ji haka sai a ga kamar abin da yawa, amma ku duba ta ɗaya gefen, matsakaicin jifan kowa 10.5 ne, naki kuma 10.975, ko rabin maki bai cika ba bambancin. In kika jefa 2 ko 3 ko 4 ba abinda sa'ar za ta yi miki, faɗuwa za ki yi kamar kowa. Kuma an biya kuɗin wannan sa'ar a wani wajen, a bugun 2014 Bahafile tafiyarsa ƙafa 25 ce a zagaye ɗaya ɗan Adam kuma 30, kuma ba ya iya riƙe manyan makamai yadda ya kamata saboda ƙanƙantarsa, ba ya gani a duhu kamar wasu. Sai a gyaran 2024 ne aka daidaita tafiyar ta zama 30. Dan haka maganar maguɗi ba ta taso ba, masu wasan sun auna abin kafin su rubuta.

Amma na san abinda yake ci wa yayanki rai, ba yawan sa'ar bane, lokacin da take zuwa ne. Bari in ba ki abinda ya faru a zaurenmu da damunar da ta wuce. Bayan isha'i ne, fitilar sola ɗaya a rataye, ana yayyafi a waje, yara biyar a kan tabarma, 'yar ƙanwata mai shekara 12 ita ma Bahafila take yi, mai kiwon agwagi. A labarin kura ta yi mata rauni ta faɗi sumammiya. Dokar wasan ita ce wanda ya faɗi haka zai dinga jifa kowane zagaye, 10 zuwa sama ya dace, ƙasa da haka bai dace ba, in rashin dacen ya kai uku ya mutu, kuma 1 ana lissafa ta a matsayin biyu. Ta riga ta yi rashin dace sau ɗaya. Ta ɗauki ɗan lidon ta girgiza a tafin hannu ta sake shi a faranti, ya yi ta juyi ya tsaya a 1. Zauren ya yi tsit, har idonta ya ciko, wata uku tana rainon wannan mai agwagin ta zana ta a bayan littafin makaranta da biro ja. Sai ƙaramin cikinsu ya daka tsalle yace ai Bahafila ce, ta sake! Ta sake, 14 ta fito. Ihun da suka yi sai da Inna ta leƙo daga cikin gida tana tambaya lafiya. Kinga a lissafi ƙasa da rabin maki ne, amma a daren nan rai guda ne. Hausawa da suka ce sa'a ta fi manyan kaya ai ba yawanta suke nufi ba.

Shawarata gare ki, in sa'ar ta zo kar ki ce kawai na sake jifa, ki ba da labarinta. Ki ce santsi ya kwashe ni na faɗi sai kibiyar ta wuce ta saman kaina, ko igiyar takalmina ta tsinke na sunkuya. In kina yin haka yayanki da kansa zai fara jiran 1 ɗinki dan ya ji me za ki ce. Kuma akwai wata baiwa da aka ƙara a littafin 2017 wadda Bahafile zai iya koya daga baya, in abokin tafiyarsa da ke kusa, cikin ƙafa 30, ya jefa 1 sai ya ara masa sa'ar ya sake. Ki ɗauke ta in kin kai matakin, daga ranar ba wanda zai sake ce miki maguɗi, kuma ita ce ta fi kama da halin Hafilawa, abin alheri ba a cinsa a ɓoye.

TAMBAYA: Malam, ni uba ne, manomi a wani ƙauye ta wajen Birnin Kudu. Na ji ɗana yana ambaton wasu sunaye wai allolin gajerun mutane, wai wata ce take ba su sa'a. Raina ya ɓaci na ƙwace wayar. Mu Musulmi ne, sa'a da rabo na Allah ne shi kaɗai. Ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah, wannan abin ba hanyar ɓata ba ce?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma ya shirya mana zuri'a. Wannan tambayar ita ce mafi nauyi a cikin duk waɗanda suka zo, kuma ban ga laifinka ba ko kaɗan, uban da ya ji baƙon suna a bakin ɗansa ya tashi tsaye ya yi abinda ya dace. Ba kai kaɗai bane, a Amurka ma cikin shekarun 1980 iyaye Kiristoci sun tayar da ƙura sosai a kan wasan nan, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugu na biyu da ya fito 1989 ya musanya su da wasu kalmomi.

Bari in faɗa maka abinda yake ciki ba ɓoye-ɓoye. Eh akwai sunayen. Bayan Yondalla akwai Arvoreen mai tsaron gari, Cyrrollalee ta karɓar baƙi wadda tambarinta buɗaɗɗiyar ƙofa ce, Sheela Peryroyl ta noma da yanayi, Urogalan na ƙasa da mutuwa da ake zana shi da baƙin kare, sai Brandobaris na wayo da sata da yawon duniya. Dukkansu ƙage ne, an san shekarar da aka rubuta su an san wanda ya rubuta, marubuta ne suka zauna suka tsara dan a sayar da littafi da mujalla. Ba wata al'umma a bayan ƙasa da ta taɓa bauta musu, ba su da tsafi ba su da wurin yanka, ba kamar gumakan da tarihi ya sani ba. Matsayinsu ɗaya da Gizo da Ƙoƙi da Botorami, mu ma ai kakanninmu in sun gama tatsuniya cewa suke ƙurungus kan kusu, ba dan Gizo ba da na yi ƙarya, wato suna shaida wa yaro da bakinsu cewa wannan fa ƙirƙira ce.

Duk da haka Baba, ba zan ce maka ka saki jiki ba, domin ni kaina a zaurenmu ba na barin kalmar alloli ta shiga wasan. Harshe yana sabawa da abinda ake maimaita masa, kuma ba na son yaro ɗan shekara goma ya saba da cewa wance ce ta ba ni sa'a ko da a wasa ne. Abin daɗin shi ne dokar wasan ba ta buƙatar su sam. Sake jifan yana aiki ko an ambaci Yondalla ko ba a ambace ta ba, littafin ma da kansa ya bar wa mai jan labari ya tsara duniyarsa yadda ya ga dama. To mu sai muka ce sa'ar Hafilawa albarkar iyaye ce, ƙabila ce da ba a taɓa jin ɗanta ya ɗaga wa uwa murya ba, ba sa hana baƙo ruwa, ba sa cin amanar maƙwabci, shi yasa Allah yake kare su a inda ƙarfi ba ya kai wa. Kuma in ka duba da kyau ko a asalin labarin ma ma'anar kenan, littafin 2018 ya nuna Hafilawa ba su cika gina ɗakunan bauta ba, waɗannan sunayen kamar dangi suke ɗaukarsu, kamar kakannin da ake ba da labarinsu dan yaro ya koyi hali, wannan ta karamci wancan na tsaro waccan ta noma. Da muka cire sunayen muka bar halayen ba abinda ya ragu, sai ma yaran suka fi ganewa, dan kowannensu ya san me ake nufi in an ce wane albarka tana binsa.

Sai magana ta biyu da ba ka tambaya ba amma amana ce in faɗa, maganar ɗan lidon kansa. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai gargaɗi mai tsanani a kan wasan nardi, wanda ake yi da irin wannan ƙwayar jifa, kuma malamai da yawa sun tsaya a kansa sun hana ko da ba kuɗi. Wannan hurumin malamai ne ba na mai shafi a mujalla ba. Ka ɗauki yaron da wayar ku je wajen limaminku ko malamin da ka yarda da iliminsa, yaron ya nuna masa yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe, abinda ya ce ku bi. Abinda ba ya buƙatar a tambayi kowa shi ne kuɗi, ko naira biyar aka sa ya zama caca, a tashi wasan nan take. Haka in ya ci lokacin salla ko na makarantar allo ko na gona. Amma ina roƙonka Baba, kafin ka yanke hukunci ka zauna da shi dare ɗaya ka ce ya ba ka labarin mutumin da ya ƙirƙira. Yaron da ya zaɓi ya zama gajeren manomi mai karamci a cikin wasan da zai iya zama sarkin yaƙi, akwai abinda ya gani a gidanku da yake so.

TAMBAYA: Wai duk Hafilawa haka suke masu kirki? Daga wani mai shagon caji a wajen Gumel.

AMSA: A'a ɗan'uwa, ya danganta da duniyar da ake wasan a ciki. A Dark Sun da ta fito 1991 Hafilawa mutanen kurmi ne masu cin naman baƙo, ba mai fatan ya kwana a garinsu. A Eberron ta 2004 makiyaya ne masu yawo a fili, dabbobin da suke hawa kuma irin manyan ƙadangarun nan ne na zamanin da. A Forgotten Realms suna kiran kansu hin, akwai ma wani reshe nasu da ke magana zuciya da zuciya ba tare da buɗe baki ba. Ƙasarsu a can sunanta Luiren, kuma a labarin bugun 2008 teku ya cinye ta. Wannan ya tsaya min a rai tun ambaliyar 2022 da ta shafe gonaki da gidaje a Jigawa, na ga mutanen da suka rasa komai suna raba ɗan garin kwakin da ya rage da maƙwabta a ajin firamare. Ko a ƙagen ma sa'ar ba ta hana ruwa zuwa ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a wajen Kafin Hausa, ina so in gwada wasan da 'yan aji shida ranar da ba karatu dan su saba da lissafi da magana a gaban mutane. Matsalata biyu, na ga yawanci Bahafile ɓarawo ake mayar da shi a wasan, ba na so in koya wa yara sata. Na biyu ba mu da ɗan lido mai fuska 20, ko a kasuwar Hadeja ban gani ba.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, irinku ake nema. Gaskiya ne tun tsohon bugu an fi haɗa Bahafile da sana'ar sanɗa da buɗe makulli saboda ƙanƙantarsa da saurin hannunsa, kuma shi Brandobaris ɗin nan da na ambata a sama labaransa duk na wayo ne, ya shiga gidan dodo ya fito da tukunya dodo na barci. In ka karanta su Gizo za ka tuna nan take. Bambancin da na gani shi ne Gizo cikinsa yake yi wa wayo, sau da yawa ma Ƙoƙi da 'ya'ya ne suke kwana da yunwa, shi kuwa Bahafile na kirki in ya yi wayo gari yake kawo wa. To ka riƙe wannan bambancin ka gina labarinka a kai. Ba dole bane ma ya zama mai sanɗa, dokar ba ta tilasta ba, zai iya zama mai magani ko maharbi ko mawaƙi ko mai gadin gari da majajjawa, dama an san Hafilawa da iya jifa, kuma yaranka da suke korar tsuntsu a gonar shinkafa ba sai an koya musu mene ne majajjawa ba.

In kana son labarin farawa ga wanda na gwada ya yi kyau. Ƙauyen Hafilawa a bakin fadama, saura sati biyu a yi shuka, aka wayi gari an fasa rumbun iri an kwashe, sawun ya nufi tsohuwar rijiyar kufai. Yara huɗu ko biyar aka tura su dawo da shi. Ka ga a nan duk sanɗar da za su yi ta karɓo haƙƙin gari ce, kuma ka sa musu inda faɗa ba zai yi ba sai magana, misali su tarar wanda ya kwashi irin wani ne da yunwa ta koro daga wani gari da 'ya'yansa, sai ka yi shiru ka ga me za su yanke. Nawa yaran rabin awa suka yi suna gardama, a ƙarshe suka raba irin uku suka ba shi kashi ɗaya suka taho da shi gari, mai agwagin nan ce ma ta kawo shawarar. Ka sa kowa ya dinga haɗa makinsa da bakinsa da ƙarfi, na jefa 11 ina da ƙarin 3 ya zama 14, nan lissafin yake shiga ba su sani ba.

Maganar ɗan lido kuma kar ta dame ka. Kamfanin da kansa a ƙarshen shekarun 1970 ya taɓa rasa ƙwayoyin jifa, sai ya dinga sa 'yan katuna masu lamba a cikin kwalin wasan ana yankawa ana zuba su a kofi ana zara. Kai ma ka samu kwalin sabulu ko na shayi ka yanka gida 20 daidai wa daida, ka rubuta 1 zuwa 20, ka ja layi a ƙarƙashin 6 da 9 dan kar a juya su, ka zuba a hula ko gwangwanin madara. Wanda zai yi jifa ya kau da kai ya zaro ɗaya. Abu ɗaya da za ka kula da shi, duk katin da aka zaro a mayar da shi a girgiza kafin na gaba, har da 1 ɗin Bahafile, in ba haka ba ka cire masa ɗayan nan cikin 400 kuma lissafin ya tashi. Murafen lemon kwalba ma suna yi in ka rubuta lambar a ciki da alƙalamin maka, sun fi kwali jure hannun yara, namu tun bara muke amfani da su guda ɗaya ce kawai ta ɓata, lamba 17, muka maye ta da wata.